Kaset ɗin da Na Kai wa Malam

Da sunan Allah zan fara, shi ne shaidata. Maƙwabciyata Malama Balaraba ce ke riƙe da alƙalami, don ni ban san baƙi ba. Na ce mata abin da na faɗa shi za ta sa, ko ya yi ɗaci, kada ta zuba masa sukari. Ku 'ya'yana biyar da 'ya'yanku, wanda Hausarsa ta gaza ya nemi mai karanta masa. Ba zan faɗi wannan da Larabci ba, don ba da Larabci aka yi mana shi ba.

Abin da ya tayar da ni shi ne maganar da aka yi ranar Ƙaramar Salla a gidan babbanku, ɗan farina da ba na kama sunansa, wanda kuke ce wa Abu Faisal. Ana cin abinci wani ya ambaci babanku, shekara uku da rasuwarsa, kowa ya ce Allah ya jiƙansa. Sai na ji ɗan cikina, shi babban naku, ya ƙara da cewa Allah ya karɓi tubarsa, in ya tuba. Ludayi na hannuna. Na ajiye shi, na ɗauki mayafina na fito, kuka ce ciwon kai ne. Ba ciwon kai ba ne. Shekara talatin kuna jin raɗe-raɗin cewa babanku ya taɓa barin addini, kun sunkuyar da kai kun karɓa, babu wanda ya zo ya ce da ni, Umma, yaya aka yi? To ga yadda aka yi, kuma a ciki akwai laifina, ba zan ɓoye shi ba.

A shekarun nan babanku yana aiki a Yanbu, a wata sharikar mai, wato kamfani, mu kuma muna nan Madina, unguwar Ranuna, a ɗaki biyu, kusa da masallacin Kuba. Ni ina dafa abinci a gidan wasu Larabawa, in fita da safe in dawo gab da magariba. Ran Alhamis yake zuwa, su shida a motar Alhaji Garba, wanda shi ne shugaban leburorin Hausawa a can, su koma ran Asabar da sassafe. Duk 'yan unguwarmu ne, matansu da ke nan ƙawayena ne, tare muke suna da biki. Na-Daura suke ce wa babanku. Aikinsa shi ne riƙe wa mai walda ƙarfe da ja masa tukunyar gas, kuma mai waldar da aka haɗa su mutumin Barazil ne, baƙi kamar mu, har ya ce wa babanku kakanninsa daga wajenmu aka kwashe su. Kirista ne, bai ɓoye ba. Babanku ya ce da azumi mutumin nan ba ya kurɓar ruwa a gabansa, sai ya zagaya bayan tanki. Ba su da harshe ɗaya. Da guntun Larabci da guntun Turanci da hannu suka yi shekara huɗu suna hira. Shi ya ba babanku kaset ɗin.

Ranar da na fara jin sa Juma'a ce, an sauko daga masallaci an ci abinci, ku kuna waje. Ya sa a ƙaramar rakodarsa. Mutum ɗaya ne da jita ɗaya, yana taɓa ta kamar mai tsoron kada ta ji ciwo. Murya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi wa marar lafiya magana da ita. Ba ganga, ba 'yan amshi, ba guɗa. Ni da na tashi da kalangu a kunne, na tsaya ina jiran a fara waƙar, ashe har an yi rabi.

Na ce, “Maigida, wannan me aka yi masa yake kuka?”

Ya ce, “Ba kuka yake ba, Indo. Faɗa yake.”

“Faɗa? Da wannan muryar? Ai ko kaza ba zai kora daga shanya ba.”

Ya yi dariya har da tari. Ya ce mai walda ya gaya masa a ƙasarsu an yi zamanin soja, wanda duk ya ɗaga murya sai a neme shi a rasa. Shi ne mawaƙin nan ya koyi faɗin abin a hankali, masu bindiga su ɗauka rarrashin yaro yake yi, talaka kuwa ya san da wa ake. Ya ce ba ya yabon sarki, ba ya yabon mai kuɗi, mutanen da ba a ambata su yake ambata. Ya mayar da kaset ɗin baya ya ce in saurari wata.

Ya ce, “Wannan taki ce. Wata mata ce mai dafa wa masu hali abinci. Ta yini a kan wuta, ta koma gida zanenta na ƙanshin naman da ba ta ɗanɗana ba, 'ya'yanta su yi ta shinshinar ta.”

Na ji kamar ya watsa mini ruwan zafi. Abin da nake ɓoyewa ke nan, don ke Hajara haka kike yi mini kina ƙarama, ki cusa hanci a zanena. Na ce masa in gori zai yi mini ya yi da bakinsa, ba sai ya ɗauko wani ƙato daga bangon duniya ba. Ya ce wane irin gori, shi bai taɓa jin an yi wa irinmu waƙa ba, shi ya sa ya kawo mini. Ban saurare shi ba. Tun daga ranar na tsani kaset ɗin nan, ku riƙe wannan, don shi ya sa abin da na yi daga baya ya zo mini da sauƙi.

Cikin su shidan nan akwai Illa, mutumin Tawa, mai mata da 'ya'ya uku a gida. Wata rana aka ce a shiga wani tanki a wanke, takunkumin rufe hanci bai isa ba, babban da ke kansu ya ce Illa ya shiga haka nan, minti biyar ne. Aka fito da shi ba rai. Babanku yana wurin, shi ya kama ƙafafunsa. Bayan kwana biyu aka kira su ofis aka ajiye takarda, wai an ba Illa takunkumi shi ya cire da hannunsa. Alhaji Garba ya fara dangwala yatsa, sauran ukun suka bi. Da aka zo kan babanku sai ya sa hannuwansa a baya. Bai yi ihu ba, bai zagi kowa ba. Waɗanda suke wurin da bakinsu suka faɗa, kafin su ga amfanin canza labari, cewa sai da mutumin ofis ya matso da kunne kafin ya ji shi.

Ya ce, “Ban ga ya cire ba, don ban ga an ba shi ba.”

Sau uku ana kiran sa, maganar ke nan. Mai walda ma ya ƙi, aka sa shi a jirgi. Babanku kuwa aka sallame shi, aka ba shi wa'adi ya nemi wani kafil, wato ubangidan da zai tsaya masa ya ɗauke shi aiki, in ba haka ba iƙamarsa, takardar zaman ƙasa, ta mutu, a kwashe mu gaba ɗaya. Ya dawo Madina a motar haya, don Alhaji Garba ya ce motarsa ta cika.

Da farko ba mu firgita ba. Akwai wani ɗan ƙasa, jikan Hausawan nan da suka zo da ƙafa tun zamanin da, ya ce zai ɗauke shi direba, a kawo takardu bayan sati biyu. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Mutum huɗun nan duk Alhamis sai sun ga babanku a sahun salla, shi bai ce musu komai ba, shirunsa kuma ya fi zagi ciwo. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Sai magana ta fara fitowa daga bakin matansu: wai ba don Illa aka kore shi ba, wai Nasara ne ya juya masa kai, wai tare suke shiga ɗaki su rufe, wai har waƙar coci ya kawo garin Manzon Allah. Na je gidan suna, ina shiga aka yi tsit. Matar Alhaji Garba, wadda na yi wa wankan jego da hannuna, ta ja ni gefe.

Ta ce, “Indo, ni don Allah nake gaya miki. Aurenki fa ake magana. In mutum ya fita, igiya ta tsinke, zaman me kike yi?”

Na ce, “Yaya, ƙarya ake masa, mutumin da ba ya barin jam'i!”

“To ki kai wa Malam abin nan ya ji mana. In ba komai ai shi ke nan, kin wanke shi.”

Rubuta wannan da kyau, Malama. Babu wanda ya shiga ɗakina ya yi sata. Ni, matarsa, na jira ya fita neman takardu, na buɗe akwatinsa, na ɗauki kaset ɗin na ƙulle a bakin mayafi, na kai wa Malam Ashiru, wanda ke raɗa mana suna da ɗaura mana aure. Na ce wa raina wanke shi zan yi. Amma Allah ya sani akwai tsoro a ciki, akwai kuma haushin waƙar matar nan mai ƙanshin nama. Da ɗan gari akan ci gari.

Malam Ashiru ba mugu ba ne, Allah ya jiƙansa, amma abin da ya sani shi ya sani. Ya tara dattawa a zaurensa bayan la'asar, aka kira babanku. Mu mata muna bayan labule. Aka sa kaset ɗin, muryar nan ta fito a hankali kamar kullum. Ina jin wani ya ce a'uzu billahi. Da aka kashe, Malam ya yi gyaran murya.

Ya ce, “Ni ban ji harshen ba. Amma mun san waƙa. Waƙa tana da kiɗa, tana da amshi, tana da wanda ake yi wa, a kira sunansa da na ubansa. Wannan bai kira kowa ba. Mutum shi kaɗai, ya ƙasƙantar da murya, yana maimaitawa. Jama'a, wa ake yi wa magana haka in ba abin bauta ba?”

Aka ce haka ne, wallahi haka ne. Kun ji hujjar da aka yanke wa babanku hukunci da ita. Don mutum bai yi ihu ba, bai roƙi kowa ba, sai ya zama mai ibada. Babanku ya ce waƙar talakawa ce, ya fara ba su labarin matar mai dafa abinci, Alhaji Garba ya katse shi.

“Kai Na-Daura, yaushe ka iya Barazilanci? Abin da arnen ya gaya maka shi za ka gaya mana? Kawo shi nan ya rantse mana!”

Aka yi dariya, don kowa ya san ko mutumin yana ƙasar ba za a bar shi ya wuce shingen shiga Madina ba. Malam ya ce abin mai sauƙi ne. A ƙona kaset, Na-Daura ya yi wanka, ya zo gaban jama'a ya karɓi kalmar shahada, magana ta mutu. Ina bayan labule ina cewa a raina, karɓa mana, bawan Allah, me zai ci maka?

Babanku ya ce, “Kaset roba ce, Malam, ku ƙona. Kalma kuwa na faɗe ta yau a kowace salla, zan faɗe ta da magariba. Amma ba zan karɓe ta a hannunku kamar baƙo ba. Wanda ya fita shi ke shigowa. In na yi yadda kuka ce, na shaida ƙarya a kaina, kuma ƙin shaidar ƙarya ne ya raba ni da aikina.”

Sannan ya juya wajen su huɗun. Muryarsa ba ta tashi ba, sai da na manna kunne da labule.

“Alhaji Garba, tunda ga Malam ga jama'a, wa ya ba Illa takunkumi?”

Zaure ya kaure. Alhaji Garba ya miƙe yana cewa kun gani, kun gani, ana maganar Allah yana kawo wata. A tsakar gidan aka ƙona kaset ɗin, warin roba ya cika unguwa. Da muka koma gida bai tambaye ni wa ya kai ba, akwatin nan mu biyu muka san inda mabuɗinsa yake. Ya ce in ba shi ruwa. Na kawo, ya sha, ya ce Allah ya yi miki albarka. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Har ya koma ga Allah bai tayar da zancen ba, ni kuma ban taɓa samun ƙarfin cewa ya yafe mini ba. Yau ga shi ina kuka a gaban maƙwabciya, shi kuwa ba ya ji.

Ɗan ƙasan nan ya aiko cewa ya fasa. Babu Bahaushen da ya yarda ya sa baki. Saura kwana kaɗan wa'adi ya cika wani Balarabe mai motocin alhazai ya ɗauke shi, ba direba ba, mai wanki. Shekara ashirin da wani abu babanku yana Bi'ir Ali, inda alhazai ke ɗaura harami, yana wanke manyan motoci, yana kwashe aman mutane daga ƙarƙashin kujeru, sanyi da zafi ƙafarsa cikin ruwa. Dubban mutane suna wucewa ta gabansa cikin fararen kaya suna labbaika, shi yana riƙe da bokiti. Da wannan bokitin kuka yi karatu. A unguwa kuwa aka daina kiran sa ɗaurin aure, in ya miƙa hannu a ba shi kan yatsu. Bai fasa sahun gaba ba ko rana ɗaya. Mutanen da suka ce ya kafirta a bayansa suke tsayawa, amma ba wanda ya ce mun yi kuskure, don in sun faɗi haka sai a koma kan tambayar Illa.

Kai kuwa babba, na san abin da ka sha. Kana ɗan shekara goma sha biyu yara suka bi ka suna ɗan coci, ɗan coci, ka dawo da riga a yage. Na san ranar da ka daina tafiya masallaci tare da shi, ka riƙa bin wata hanya. Na ga lokacin da ka daina amsa masa da Hausa. Yaro ne kai, ban riƙe ka ba. Amma yanzu gemunka ya yi fari, ka karanta littattafan da ni ban san ko sunansu ba, a cikinsu babu inda aka ce a bincika kafin a yanke? Ka tambayi malamai a kan tsawon wando, ba ka tambayi uwarka a kan ubanka ba.

Wata biyu da suka wuce Alhaji Garba ya kwanta ciwon ajali. Sauran ukun sun riga shi, Malam Ashiru ma haka. Ya aiko matarsa, ta zauna a tabarmata tana share hawaye, wai Alhaji ya ce in yafe masa abin da ya wuce. Na ce me ya wuce? Ta ce ai kin sani. Na ce na sani, 'ya'yana ne ba su sani ba. A taro aka ɓata shi, a taro za a gyara. In ba ya iya tashi, ya tara 'ya'yansa da nawa a bakin gadonsa ya faɗi wa ya ba Illa takunkumi, ya faɗi abin da ke cikin kaset ɗin nan da abin da babu. Ranar zan yafe. Washegari sai ga ka, kai babba, kai da kanka, an turo ka.

Ka ce, “Ya Ummi, halas, ya isa haka, mutumin yana gargara. Ki yafe, haramun ne wannan riƙon.”

Na ce, “Ka tambaye shi me zan yafe?”

“Ma'alesh, ya wuce. Allah mai gafara ne ga kowa, har shi Baba.”

Har shi Baba. Ka zo nema wa wanda ya kashe sunan ubanka gafara, ka haɗa su a kwano ɗaya. Alhaji Garba ya yi kwana tara bayan nan, bakinsa na magana, ya yi wasiyyar gidansa da motocinsa, bai kira kowa ba. Ya tafi da ita. Yanzu a unguwa ana cewa Indo mai baƙar zuciya ce, ta hana mamaci yafiya. Su faɗa. Haƙƙin ba nawa ba ne ni kaɗai da zan yi kyauta da shi, akwai na babanku, akwai na marayu uku a Tawa da aka gaya musu ubansu ne ya kashe kansa da ganganci. Ban yafe ba, kuma in na yi laifi a nan, ni da Ubangijina.

Saura ni kaɗai mai buɗe baki cikin waɗanda suka ji abin da aka faɗa a zauren nan, shi ya sa na sa a rubuta. Babanku bai tuba daga kafirci ba don bai taɓa shiga ba. Ya ji waƙar wani bawan Allah da ya tausaya wa irinmu, ya ƙi shaidar zur, ya ƙi ta sau biyu. In kuna neman wanda za ku ji kunyarsa a gidan nan, ga ni, ni na kwance bakin mayafi na miƙa.

Sauran magana taka ce, babba. A maƙabartar Baƙi'a aka sa babanka, mu mata ba a barin mu shiga, iyakata jikin katanga, in leƙa ta ƙarfe in ga ƙasa da duwatsu iri ɗaya, ban san wanne ne nasa ba. Kai ka sani, kai ka shiga ramin ka karɓe shi, kuma ƙannenka sun gaya mini tun ranar ba ka koma ba. Ana buɗe ƙofa bayan la'asar. Ka zo ka ɗauke ni, in tsaya a katanga inda zan hango ka, ka je kansa ka yi masa sallamar da ake yi wa Musulmi, babu “in” a cikinta. In ba za ka iya ba, na gaya wa Malama ta rubuta, na kuma gaya wa ƙannenka maza biyu: ranar da aka fito da ni, su da maƙwabta sun isa. Kada ka sa kafaɗarka a makarata.